Ƙarafan Gadonki a Rumfar Katako

Zuwa ga mahaifiyata, Dada.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, da durƙuso har ƙasa kamar yadda kika koya mini, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Na san takarda ba ta isa inda kike. Ko da kina raye ma ni zan karanta miki, ki riƙa katse ni kina cewa Hausar littattafaina ta cika zagaye-zagaye. Matan da muke zauren karatu ɗaya a waya su ne za su gani. Su gani ɗin, amma da ke nake.

Dada, a kan gadonki ne. Gadon ƙarfen nan da kika ce ko ba kya nan a kai mini ɗakin aurena. Ni na bayar da shi da bakina, kuma tun daga ranar ban san abin da nake ji ba.

Da hantsi ne. Na gama shara da wanke-wanke, na haye gadon da littafi a waya. Na kai wurin da matar cikin labarin ta cire 'yan kunnenta na zinare ta damƙa wa mijinta don ya kama sana'a, shi kuma ya fashe da kuka. Sai ga surukinki Idrisa ya shigo ba lokacin dawowarsa ba, garin katako har a gashin idonsa. Ya durƙusa a gefen gado. Wallahi na ce a raina yau littafi ya shigo gidana. Har na gyara ɗankwali. Sai na ga ya ɗaga zanin gado, ya rufe ido ɗaya, ya kwantar da kuncinsa a jikin ƙarfen gefe yana hangen tsawonsa.

"Ma'u," ya ce, "wannan ƙarfen da ne. Duk kasuwar Mubi babu miƙaƙƙe irinsa."

Kin san halinsa. Ke kika ce tun yana zuwa zance Mugulbu, bakinsa na gaishe ki amma idonsa na kan ƙyauren ɗakinki yana duba ko ya karkace. "Yaron nan ba zai yi miki ƙarya ba," kika ce, "amma kada ki sa ran zai lura kin yi kitso."

Ga abin da ya kawo shi. Daminar bara iska ta ka da wani tsohon maɗaci a Muchalla. Mutanen wata coci ta can suka ɗauko gungumen suka kawo injin tsaga katako na Baba Yohanna, inda Idrisa ke aiki. Tebur suke so, na falanki guda, mai faɗi, ba haɗi, da gefensa yadda Allah Ya halicce shi. An tsaga, an jingine a inuwa ya bushe. Amma zarto ya bar masa tudu da kwari, kuma da ya bushe sai ya ɗan murɗe. Injin feren da suke da shi bakinsa ba ya ɗaukar faɗin. Baba Yohanna ya ce a raba shi biyu, a fere, a manne. Masu itace suka ce da sun so manne-manne da ba su sha wahalar ɗauko shi ba.

Shi kuwa surukinki ya ga wata dabara a waya. Akwai wani ƙaramin inji da kafintoci ke kira rauta, mai haƙori ɗaya da ke juyawa yana cin katako. In aka shimfiɗa miƙaƙƙun ƙarafa biyu a gefen falanki, aka gitta wani abu a kansu da zai riƙe rautar, za ta bi ta cinye tudun duka. Baba Yohanna ya ce ya gwada a ƙarshen rumfa, in bai yi ba a raba. Ƙarafan da ya samu a kasuwa sirara ne, duk sun lanƙwashe tun a mota. Shi ne ya tuna da abin da yake kwana a kai.

Ya tambaye ni, Dada. Kada kowa ya ce bai tambaya ba. Ya ce aro ne, ya ce in ba na so shi ke nan. Ni kuma ga matar littafi da 'yan kunnenta a kaina. Na ce, "Ɗauka mana, abina ai naka ne." Na jira ya yi kuka ko ya kama hannuna. Ya ce Allah Ya yi mini albarka, ya fita neman sifanar kwance noti.

Da ya kwance ƙarafan biyu, gadon ya watse kamar ba a taɓa haihuwar kowa a kansa ba. Fuskar kai da ta ƙafa ya jingine su a bango, ragar da ake ɗora katifa a kai ya kai ta bayan ɗaki, katifa ta sauka ƙasa. Na tsaya ina kallon sawun ƙafafun gadon a siminti, sai na ji kamar ranar da aka fita da ke. Ni na ce a ɗauka, wa zan yi wa fushi?

Ban gaya miki ba, ina da ciki, ya fara nauyi. Tashi daga katifar ƙasa sai na dafa bango. Idrisa in yana nan yakan miƙo hannu ya ja ni, yana ba ni labarin noti da kusa. Ta nan na ji cewa ya huda ƙarafan don ya ɗaure su. A tsakiyar magana ya faɗa, yana kai loma. Ni kuma na ajiye tawa.

Rannan na ce zan kai masa abinci da kaina. So nake in je in ga ɓarnar, in samu dalilin yin fushi.

Abin da na tarar ya rikita ni. Ya kafa wani dogon benci mai ƙarfi. Falankin maɗacin na kwance a tsakiya, ja, ya fi ƙyauren zaure faɗi, ya cusa masa 'yan guntayen katako ta ƙasa don kada ya yi rawa. Ƙarafanki biyu suna gefe da gefe, kowanne a ɗaure kan gungumen katako. A kansu ya gitta wani dogon akwati marar murfi, mai tsaga a gindinsa, rautar na zaune a ciki haƙorinta ya leƙo ta tsagar. Rauta ta yi gaba ta dawo cikin akwati, akwati ya matsa kaɗan a kan ƙarafa, ta sake wucewa. Ya goga wa ƙarafan kyandir don su yi santsi. Fentin nan kore da kike sharewa da tsumma duk Juma'a ya fara gogewa ta sama, ƙarfen ya fito yana walƙiya. Ban taɓa ganinsa da haske haka ba.

Ya ce in zo in taimaka. Ya ɗaura zare biyu, kowanne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, suka gitta a tsakiya. Ya ce in zaren biyu sun taɓa juna da kyar, ba su danne ba, ba su rabu ba, to ƙarafan sun daidaita. In ba haka ba murɗewar da ke cikin ƙarafan ita za ta koma cikin katako. Ni ina durƙushe ina kallon zare, shi yana ɗaga kusurwa yana cusa siririn katako. Ina cewa saura kaɗan, ya wuce, dawo. Baba Yohanna ya leƙo ya ce, "Amarya, in kin gama da shi ki zo ki daidaita mini sauran ma'aikatan, duk a karkace suke."

Sannan ya ɗauki fensir ya zazzana fuskar falankin duka, kamar ɗan da ya samu bango. Aka tada janareta. Dada, ƙarar ba kyau, garin katako ja yana tashi yana shiga maƙogwaro da ɗaci, na rufe hanci da mayafi. Amma duk inda rautar ta wuce sai zanen fensir ya ɓace, wani sabon jiki ya fito, mai jijiyoyi kamar ruwan kogi in ya janye ya bar zane a yashi. Na manta abin da ya kawo ni. Har tuwon ya huce ban buɗe ba. Na kuma ga fuskar surukinki. Tun da ya shiga wurin nan aikinsa tura gungume cikin zarto ne, abin da aka ce ya yi. Wannan ne abu na farko da ya fito daga kansa.

Na dawo gida ina jin daɗi, na ga fuskar gadon a jingine, daɗin ya koma kunya. Haka nake tun lokacin. A rumfa in ji abu ɗaya, a ɗaki in ji wani.

Da ya gama fuska ɗaya sai matsala ta fito. Ya ɗora doguwar rula ta ƙarfe a kan falankin, haske ya leƙo ta ƙarƙashinta a wuri ɗaya. Ɗan kwari ne, ido ba ya gani, sai tafin hannu. Ya sake bi da rauta, kwarin na nan inda yake. Baba Yohanna ya shafa ya ce, "In aka zubar da shayi a teburin nan ba sai an nemi inda ya tafi ba." Idrisa bai yi dariya ba. Ya bi ƙarafan da zare, ya gano ɗaya daga cikinsu ya ɗan lotsa kusa da kai. Ranar da ya hanga a ɗaki bai gani ba. Rauta kuwa ba ta da wayo, abin da ƙarfe ya gaya mata shi take rubutawa a katako.

Da ya nuna mini wurin sai na gane shi. Ƙarfen gefen ƙofa ne, daidai inda kike zama. Nan kike zama da safe ki ɗaura ɗankwali, nan kike tsince wake, nan kike sa ni tsakanin gwiwoyinki ki tsefe mini kai ina ihu. Na ce a raina shekarun zamanki ne suka lotsa ƙarfen, ga shi yanzu inji ya kwafe su ya zuba a teburin mutanen Muchalla. Na kifa tafin hannuna a kwarin na yi ta hawaye, ma'aikata suka ɗauka garin katako ne.

Idrisa ya gwada tokare wurin ta ƙasa, ƙarfen ya ƙi. Ya ce sai dai a kai wa mai walda, a sa masa wuta, a buge shi da guduma, a kuma liƙa masa wani ƙarfe ta ciki don kada ya koma. In aka yi haka ba zai sake shiga fuskar gado ba. Aro ya ƙare ke nan, ya zama kyauta. Ya ce, "Na farko na tambaye ki kina karatu. Wannan ajiye wayar tukuna."

Ina komawa gida, kafin in ba shi amsa, sai ga Yapendo, ƙanwarki, ta sauka daga Mugulbu da daddawa da gyaɗa, ta zo duba cikina. Ta yi sallama, ta ɗaga labule, ta ga katifa a ƙasa. Ko ruwa ba ta sha ba.

"Ina gadon Adda?" ta ce, kamar yadda ta saba kiranki.

Na yi mata bayanin rauta da zare. Ta bar ni na kai ƙarshe. Ta ce, "To. Mun kawo ki da gado, yanzu kina kwana a ƙasa kamar baƙuwar da dare ya yi wa. Kayan ɗaki na mace ne, ke ba ki sani ba? Ba naki ke kaɗai ba ma. A kansa aka haife ki, a kansa za ki kwantar da abin da ke cikinki, in mace ce ta tafi da shi." Ta ce yau gado, gobe tukunya, tunda ya ga bakina ba ya iya cewa a'a. Ta ce ranar Juma'a za ta koma. Ko a mayar da gado ta bar shi a tsaye, ko ta tafi da ni har manya su zauna. In kuma na ƙi duka biyun, in nemi wadda za ta yi mini wankan jego, don ita ba za ta durƙusa a ƙasa tana gasa mai jego ba alhali 'yar'uwarta ta bar gado.

Na so in tausasa ta, na ba ta labarin lotsawar, na ce wurin zamanki ne. Dada, dariya ta yi har da tafa hannu.

"Wane zama? Adda da ba ta fi kaza nauyi ba? Ranar jerenki motar da ta ɗauko kaya ta faɗa rami kafin a shigo gari, buhun masara ya faɗo a kan ƙarfen. Ina zaune a bayan motar. Ke dai littattafan nan sun gama da ke."

To yanzu wanne ne? Na yi kuka a gaban maza saboda ke, ko saboda buhun masara? Idrisa ya ce shi bai sani ba, ƙarfe ba ya faɗin abin da ya lotsa shi. Yapendo ta rantse. Amma da la'asar na shigo ɗaukar tsintsiya na same ta tsaye a gaban fuskar gadon, tana shafa shi da gefen zaninta, bakinta na motsi. Ita ta yi jinyarki a kansa. Ita ta riƙa juya ki lokacin da ni nake tsoron taɓa ki. Na fita a hankali ba ta gan ni ba.

Na tambayi matan zaurenmu. Wata ta ce miji ya fi gado. Wata ta ce namijin kirki ba ya taɓa kayan ɗaki ko da an ba shi. Wata ta ce in rubuta labarin, za ta saya. Na duba littattafan da na karanta, duk cikinsu akwai mugu. Ko uwar miji, ko aboki, ko mijin kansa, kana ganinsa ka san wanda za ka tsana. Ni a nawa na rasa. Yapendo na da gaskiya, tsoro take ji kada in zama marar komai a gidan wani. Idrisa bai ɗauki abin da ban ba shi ba. Ke kuma kin tafi ba ki ce mini ko gadon don kwana kika bar mini, ko don in yi yadda na ga dama ba.

Jiya da yamma na ji tsayuwar keke mai ƙafa uku a ƙofar gida. Idrisa ne, ya sauko da ƙarafan biyu a ɗaure da igiya, ya goge su tas. Ya durƙusa ya gaishe da Yapendo, ya ce, "Yapendo, a yafe mini, ban yi tunani ba." Ya haɗa gadon da hannunsa, ya ɗora raga, ya ɗora katifa. Yapendo ta ce Allah Ya yi albarka, ta shimfiɗa zanin gado da kanta. Da na tambaye shi falankin fa, ya ce Baba Yohanna zai raba shi ranar Asabar. Ya ce ba komai. Ya wanke hannu ya ci tuwo, ya yaba miya, abin da bai taɓa yi ba. Yau da safe ya tafi aiki bai tsaya duba ƙyauren kowa ba.

Gadon na tsaye yanzu, a kansa nake rubuta miki. Yana ƙanshin kyandir da ɗacin maɗaci. Ga hudojin da ya yi, ina sa yatsa a ciki. Na zauna daidai wurin lotsawar, na rufe ido, na jira in ji ki. Ban ji komai ba, Dada. Ƙarfe ne da katifa. Lotsawar ma jiki ba ya jinta. Abin da ya ba ni tsoro shi ne, inda na fi jin ki kusa da ni a rumfar nan ne, cikin ƙara da ƙura, lokacin da akwati ke tafiya a kan ƙarafanki katako na fitowa sumul. Ban san dalili ba. Wataƙila don ban taɓa ganinki a kwance da rana ba sai da ciwo ya kayar da ke. Wataƙila kuma Yapendo ce da gaskiya, littattafai ne suka gama da ni.

Ina tsoron haihuwa babu ke babu ita. Ina tsoron wata rana 'yata ta tambaye ni abin da kakarta ta bar mata in nuna mata rumfar katako. Duk wannan ban warware shi ba, kuma ba na jin zan warware kafin Juma'a.

Ya Allah Ka jiƙan mahaifiyata, Ka sanyaya mata makwanci, Ka saka mata da alherin da ban iya saka mata ba. Ka sanyaya zuciyar Yapendo a kaina. Ka sa albarka a hannun mijina. Ka sauke ni lafiya. In na yi daidai Ka tabbatar da ni, in na yi kuskure Ka sa ya tsaya a kaina ni kaɗai. Dada, ki yafe mini.

Gobe da safe zan durƙusa a gaban Yapendo in gaya mata da bakina, ba zan bar wa Idrisa ba. Ba zan bi ta Mugulbu ba. Ƙarafan za su koma rumfa, kuma na yarda a sa wa na gefen ƙofa wuta a miƙe shi.

Taki har kullum,
Asma'u, Ma'unki.